Sauya wa motar gazuwal akwatin giya: abin da ya kamata mai mota a Kurfai ya sani kafin a kwance noti

Kowa ya san matsayin ƙaramar motar ɗaukar kaya, wadda ake kira a-kori-kura, a ƙasar Kurfai. Ita ce ke kai hatsi da wake kasuwa, ita ce ke kwaso awaki da tumaki zuwa kasuwar Lahadi ta Baleyara, kuma ita ce ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare zuwa gidan likita na Filinge. Tun daga farkon shekarar 2020, lokacin da hukuma ta hana yawo da babura a sassa da dama na jihar Tillaberi saboda matsalar tsaro, jama'ar karkara suka ƙara gane cewa in wannan mota ta kwanta, ƙauye guda ne ya kwanta.

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar wajen kilomita 180 ce bisa hanya mai lamba 25. Amma da zarar direba ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan da ke cikin kwarin Dallol Boso, ko ya hau tudu wajen Shikal da Sanam, to sai rairayi da tsakuwa da kwazazzabai. A irin wannan hanya ce ake gane ƙarfin mota da rauninta. Shi ya sa a gareji da tasha ake yawan tattauna wata magana: wanda ya sayi motar gazuwal mai giya mai sauya kanta, wato otomatik, ya dace ya cire ta ya sa giyar hannu, ko kuwa ya bar ta yadda take?

Aikin mai yiwuwa ne, kuma wani lokaci shi ne mafita. Sai dai aiki ne da ya shafi mota tun daga ƙafar direba har zuwa tayoyin baya. Wanda ya yi rabinsa ya bar rabi, ya sa dukiyarsa da rayukan fasinja cikin hatsari.

Yadda waɗannan motoci suka iso mana

Dattawan direbobi sun saba da Peugeot 404 da 504 masu tampol, waɗanda ake kira bashe. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwannin ƙasar Hausa. Daga baya motocin Japan suka karɓi hanya. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, ya fito da Land Cruiser jerin 70 a 1984, sa'an nan a 1990 ya sa mata injin gazuwal mai silinda 6 da ake kira 1HZ. Kusan dukan waɗanda suka shigo ƙasarmu a wancan zamani masu giyar hannu ne, kuma a kansu makanikanmu suka koyi aiki.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ƴan kasuwa, sai aka koma ga motoci na hannu da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Kwatanu da Lome. A Amurka da ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya, giyar otomatik ta daɗe da zama ruwan dare. Kamfanin General Motors ya fara sayar da ita ga jama'a tun a motocin shekarar 1940. Da tafiya ta yi tafiya, Turawa ma suka karkata gare ta. Ke nan abin da masu kuɗin can suka saya sabo, shi ne muke samu bayan shekara goma ko goma sha biyar, ya riga ya sha tafiya.

Bayan al'amuran 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Gaya, kayan gyara da yawa suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙara yawa. Mai motar da wani ɗan ƙaramin abu ya lalace cikin akwatin giyarsa na otomatik yakan yi makonni bai same shi ba.

Bambancin akwatunan biyu

Akwatin giya, wanda makanikai ke kira buwat, shi ne ke karɓar ƙarfin inji ya daidaita shi da bukatar hanya: ƙarfi mai yawa da gudu kaɗan wajen tashi ko hawan tudu, gudu mai yawa bisa kwalta.

A motar giyar hannu, tsakanin inji da akwati akwai kuloci, wanda wasu ke kira ambarayaj. Faifai ne mai fata a fuska biyu, wanda ake matse shi jikin wani babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke maƙale a gindin inji. In direba ya taka kuloci, faifan ya saki, inji ya rabu da akwati, sai ya sauya giya da hannunsa. Cikin akwatin babu komi sai haƙoran ƙarfe da sanduna da boris da mai.

A motar otomatik kuwa babu kuloci na ƙafa. A madadinsa akwai wata tukunyar ƙarfe rufaffiya cike da mai, mai fukafukai a ciki. Inji na juya fukafukai na farko, su kaɗa mai, man ya tura fukafukai na biyu, su juya akwati. Wani famfo da ke aiki da ƙarfin inji shi ne ke tura mai cikin ƴan ƙananan hanyoyi don a sauya giya. A motocin zamani, wata ƙaramar kwamfuta ce ke ba da umurnin sauyawar.

Daga wannan bambanci ne matsaloli uku suka taso wa mai mota a karkara.

Ta farko, zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafin rana a nan yakan wuce awo 40. In mota ta ɗauki kaya fiye da kima ta shiga rairayi, man da ke cikin tukunyar yakan yi ta kaɗawa yana ɗaukar zafi. In zafinsa ya haura awo 120, sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, ya yi wari, ƙananan faifan da ke cikin akwatin su cinye.

Ta biyu, turi. Tun da famfon mai ba ya aiki sai inji na juyawa, ba a tayar da motar otomatik da turi. In batir ya yi sanyi ko abin tayar da inji ya ƙi, sai a jira taimako. Haka kuma ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa sai an kwance sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi, wato kardan. In ba haka ba akwatin zai yi ta juyawa ba mai, ya lalace.

Ta uku, gyara. Makanikin da ke da makullai da guduma da basira yana iya buɗe akwatin giyar hannu a ƙarƙashin inuwar bedi ya sauya boris. Akwatin otomatik kuwa yana son wuri mai tsabta da ƙura ba ta shiga, da na'urar gano cuta, da kayan da sai an aika Yamai ko ƙetare.

Amma a faɗi gaskiya duka

Kada a ɗauka otomatik ba ta da amfani. Lafiyayyar otomatik takan ratsa rairayi da sauƙi, domin ƙarfinta ba ya yankewa lokacin sauya giya, kuma direban da bai ƙware ba ba zai ƙona kuloci ba. Wanda motarsa ke aiki lafiya, abin da ya fi masa araha shi ne ya riƙa sauya man akwati da matacinsa kan lokaci, ya sa ainihin man da littafin motar ya ambata, ya kuma ƙara wani ɗan abin sanyaya mai a gaban lagireto. Cire lafiyayyen akwati don kawai an ji ana yi, asarar kuɗi ce.

Maganar turi ma tana da iyaka. Tsofaffin injuna irin 2L da 3L da 5L da 1HZ, masu famfon gazuwal na ƙarfe, ɗan guntun lantarki ya ishe su buɗe hanyar mai, don haka turi na tayar da su. Amma injunan zamani irin 2KD da 1KD, da 1GD da ya fito a 2015, kwamfuta ce ke ba su mai. In batir ya mutu sarai, ko da giyar hannu ce, turi ba zai tayar da su ba.

Saboda haka lokacin da ya dace a yi tunanin sauyi shi ne sa'ad da akwatin otomatik ya riga ya mutu. A nan mai mota ya sa farashi uku a gaba: kuɗin gyara shi, kuɗin sayen wani irinsa na hannu, da kuɗin mayar da mota giyar hannu dungum, har da ladan makaniki da kwanakin da mota za ta yi a ajiye ba ta kawo ko dala. Akwai kuma hanya ta huɗu da ake mantawa da ita, wato a sayar da motar a cika kuɗi a sayi wadda aka ƙera da giyar hannu tun asali.

Kayan da aikin ke bukata

Shawara mafi muhimmanci ita ce a nemi mota guda da ta yi hatsari ko ta tsufa, mai irin inji ɗaya da zubin jiki ɗaya, a kwaso kayan duka daga jikinta. Wanda ya tsinto akwati a Katako, ya samo feda a wani gari, kardan a wani, yakan ƙare da kayan da ba su san juna ba. Ga abin da za a nema:

Akwatin giya tare da bakinsa da ke haɗuwa da inji. Ramukan noti su dace ɗaya bayan ɗaya. Kowane inji da kowane akwati na da lamba a jikinsa. A karanta, a rubuta a takarda, a gwada kafin a biya. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, a haɗo da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya.

Babban faifai mai nauyi na gindin inji. Motar otomatik siririn faranti gare ta a wurin, wanda ba zai ɗauki kuloci ba. Notocin faifan sun fi na farantin tsawo, kuma sababbi ake sawa. A duba ko haƙoransa sun dace da abin tayar da inji.

Kuloci cikakke kuma sabo: faifai, da murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakinsa. A nan ba a yin tsimi, domin sauya shi daga baya na nufin a sake sauke akwati.

Ɗan ƙaramin boris da ke shiga ramin gindin inji don ya riƙe bakin sandar akwati. Motar otomatik ba ta da shi. Bai kai girman ƙwan kaza ba, amma in aka manta da shi sandar za ta yi ta rawa har ta ɓata akwatin.

Fedoji tare da ƙarfen da ke riƙe su, da famfon kuloci na sama da na ƙasa, da bututun da ke haɗa su. A kula: kayan motar da sitiyarinta ke dama, irin na Ingila ko Japan, ba sa zama daidai a motocinmu masu sitiyari a hagu.

Kardan na baya da na gaba, da ƙarfen da akwati ke zama bisansa, da robobinsa, da sandar giya da rigarta mai hana ƙura shiga.

Wuraren da ake yin kuskure

Na farko, fedar birki. Ta otomatik faffaɗa ce, ba ta barin wurin kuloci. Wasu sukan yanke ta da zarto, ko su yi wa fedar kuloci walda a jikin siririn kwanon gaban mota. Kwanon nan ba a yi shi don ya ɗauki takun ƙafa sau ɗaruruwa a yini ba, yakan tsage. Ranar da ya tsage a gangaren dutse da lodin mutane, ba a samun damar gyara. A sa ainihin ƙarfen fedoji, a ɗaure shi da noti a wuraren da masana'anta ta tanada.

Na biyu, kardan. Tsawon akwatunan biyu ba ɗaya ba ne, don haka tsohon kardan yakan yi tsawo ko ya gaza. In aka yanke shi aka yi walda da ido kawai, zai yi ta kaɗawa, ya cinye boris, wata rana ya tsinke. In ya tsinke ta gaba ya caki ƙasa cikin gudu, yana iya kifar da mota. In yankan ya zama dole, a kai wa mai injin juya ƙarfe da zai daidaita shi.

Na uku, ɗaurin notocin babban faifai. Ba da ƙarfin damtse ake yinsa ba, da makulli mai awo ake yi, bisa adadin da littafin injin ya faɗa. Faifan nan na da nauyin kilo da dama, yana juyawa sau dubbai cikin minti guda, kusa da ƙafafun direba. Tun da an riga an buɗe wurin, a sauya robar da ke hana man inji zuba ta baya, don kada ya jiƙa sabon kuloci.

Na huɗu, wayoyi. Motar otomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N. In an cire akwatin, dole a gyara wannan waya. Mafi kyau a haɗa ta da fedar kuloci, yadda mota ba za ta tashi ba sai an taka, don kada ta yi tsalle ta buge yaron da ke tsaye a gabanta. A haɗa fitilar baya, a haɗa agogon gudu, a toshe bututun man akwati da ke shiga lagireto.

Na biyar, haƙoran akwatin da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira pon. Sau da yawa lissafinsu a motar otomatik ya bambanta da na motar giyar hannu. In bai dace ba, ko mota ta rasa ƙarfin tashi da kaya, ko inji ya riƙa kuka bisa kwalta yana shan mai. In za a sauya su a mota mai jan ƙafa huɗu, dole na gaba da na baya su zama lissafi ɗaya.

Na shida, kwamfuta. Wannan shi ne ke raba aiki mai sauƙi da mai wuya. A tsohuwar mota mai famfon ƙarfe, da an gama aikin ƙarfe an kusa gamawa. A motar zamani kuwa kwamfutar inji na jiran saƙo daga ta akwati. In ba ta ji shi ba, sai ta kunna fitilar gargaɗi, wani lokaci ta rage wa inji ƙarfi. Maganinsa shi ne a sa kwamfutar motar giyar hannu tare da wayoyinta da makullinta, domin a yawancinsu makulli da kwamfuta a ɗaure suke da juna. Makanikin da bai taɓa yin wannan ba, ya faɗi gaskiya tun mota ba ta hau dutse ba.

Bayan an gama

Kada a yi lodi ranar farko. A fitar da iska daga bututun kuloci, a zuba wa akwati man giya irin wanda ya dace da shi, a gwada kowace giya har da ta baya. A yi tafiya ba kaya, a saurari ƙara, a duba ɗigon mai. Bayan ƴan kwanaki a koma gareji a sake bin notocin kardan da na mazaunin akwati.

Direba kuma ya gyara hali. Kada ya ɗora ƙafa bisa kuloci yana tafiya. In zai shiga rairayi ya tsaya tun da wuri, ya rage iskar taya, ya sa ƙaramar giya ta ƙafa huɗu, ya saki kuloci gaba ɗaya. Wanda ke riƙe shi rabi da rabi yana ba da wuta, zai ji ƙaurinsa kafin ya fita. Motar da aka yi don ɗaukar wajen tan guda, in aka ɗora mata biyu, babu akwatin da zai jure, na hannu ne ko na otomatik.

Sai maganar takardu. Mai mota ya riƙe rasiɗin kayan da ya saya, domin ya tabbatar ba na motar sata ba ne. Ya kuma je ofishin sufuri da kamfanin inshorarsa ya bayyana sauyin da ya yi, ya kai motar awon lafiya. Ranar hatsari ba ranar fara bayani ba ce.

Kira ga ma'aikata da magadan gari

Wannan magana ta shafi masu sayen motoci da kuɗin jama'a: ma'aikatun kiwon lafiya, da na noma da kiwo, da ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin manoma. Motar da za ta yi aiki tsakanin Filinge da Bonkuku da Damana, ko ta kai ma'aikata gidan kiwon shanun Azawak na Tukunus, kamata ya yi a zaɓe ta bisa tambaya guda: in ta lalace a can, wa zai gyara ta, kuma da wane kaya? Har motar kyauta ta cancanci wannan tambaya. Motar ɗaukar marasa lafiya da ke ajiye bisa duwatsu wata shida tana jiran wani abu daga ƙetare, ba ta ceci kowa ba. Rubuta giyar hannu cikin takardar oda tun farko ya fi sauƙi da araha bisa ga sauyi daga baya.

Sai dai kuma a dubi gaba. Masana'antu na ƙara karkata ga otomatik. Har Land Cruiser jerin 70, wadda aka san ta da giyar hannu, an fito da ita da otomatik da injin lita 2,8 a shekarar 2023. Motocin da ake ƙerawa yau su ne za su cika tashoshinmu nan da shekara goma. Ke nan ya wajaba cibiyoyin koyon sana'a su fara koya wa samari gyaran akwatin otomatik da karatun na'urar gano cuta, tare da aikin da suka gada daga iyayen gidansu. Da haka makanikin Kurfai zai riƙe sana'arsa, kuɗin gyara ya tsaya a gida.

Kafin nan, mai mota ya riƙe abu uku: kada ya taɓa akwatin da ke da lafiya, kada ya fara aiki sai kaya sun cika daga mota guda, kuma kada ya yarda da walda a wurin da rai ya rataya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.